Dokar ta-ɓaci: kwana biyu ne na shugaban ƙasa, sauran na majalisa ne

Wani dattijo, dillalin tumatir da attaruhu a kasuwar Mile 12, wanda ya haura shekara talatin a Legas, ya aiko mini da tambaya ta hannun ɗansa. Ga ta a taƙaice: "Barista, mu a nan baƙi ne a idon wasu, in rikici ya tashi a kanmu yake fara sauka. Na ga na Ketu a 1999, na ga na Idi-Araba a 2002, na ga na 2016 da aka rufe mana kasuwa. Me ya sa ku lauyoyi kuke ta hayaniya wai sai majalisa ta amince kafin dokar ta-ɓaci ta zauna? Gida yana cin wuta a tsaya jiran taro? Ba gara a sakar wa shugaban ƙasa mara ya kawo soja a huta ba? Kuma ita majalisar, tana da wani ƙarfi a kai ko hatimi kawai take bugawa?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wanda ya ga abin da ka gani yana da haƙƙin yin wannan tambaya, kuma ba zan amsa ta da gajeren zance ba.

Bari in fara da cire maka wani tsoro. Babu wanda yake jiran majalisa ranar da wuta ta kama. Sashe na 305 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ayyana dokar ta-ɓaci shi kaɗai, a ƙasa baki ɗaya ko a wani yanki nata, ta hanyar buga sanarwa a jaridar gwamnati da ake kira Gazet. Da an buga, ta fara aiki. Abin da aka ɗora masa shi ne ya aika kwafi nan take ga shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai, su kuma su tara 'yan majalisa ba tare da ɓata lokaci ba. Kamar shugaban kasuwarku ne. In gobara ta tashi da tsakar dare, zai sa a rufe ƙofa, a katse wuta, a kira 'yan kwana-kwana, ba mai cewa ya jira dattawa. Amma in gari ya waye ya ce ƙofa za ta ci gaba da zama a rufe wata shida, kuɗin haraji kuma a hannunsa za su riƙa taruwa, shugabannin layi duk ya sallame su, na tabbata kai ne za ka fara cewa a kira taro.

Kundin bai bar masa ayyanawar sakaka ba. Ya lissafa halin da za a iya yinta: ƙasa tana cikin yaƙi, ko ana gab da mamaye ta, ko doka da oda sun rushe har matakan yau da kullum sun gaza, ko akwai haɗari bayyananne na rushewarsu, ko wani bala'i ya afka wa al'umma, ko wata barazana ga ɗorewar tarayyar kanta. In kuma matsalar ba ta wuce iyakar jiha ɗaya ba, gwamna ne ya kamata ya nema, da goyon bayan kashi biyu bisa uku na majalisar jiharsa. A nan Legas kujerun majalisar da ke Alausa 40 ne, ka ga ana bukatar 27. Shugaban ƙasa ba zai tsallake gwamna ba sai gwamnan ya ƙi nema cikin lokacin da ya dace. Kada ka ɗauka wannan magana ta wasu jihohi ce can nesa. A farkon shekarar 2000, bayan kashe-kashen Ketu da tashe-tashen hankulan 'yan OPC, ƙungiyar kare muradun Yarbawa, Shugaba Obasanjo ya rubuta wa gwamnan Legas na lokacin, Bola Tinubu, wasiƙa yana barazanar ƙaƙaba wa jihar dokar ta-ɓaci. Ba a kai ga yi ba, amma an zo bakin ƙofa.

Yanzu ga kwaɗon da aka sa wa wannan iko. In majalisa tana zama, sanarwar shugaban ƙasa kwana biyu kacal take da su. In tana hutu, kwana goma. Cikin wannan wa'adi dole kowace majalisa daga cikin biyun ta zartar da ƙudirin amincewa da kashi biyu bisa uku na dukkan 'ya'yanta. Ka riƙe kalmar "dukkan" da kyau, don a kanta maganar take. Ba waɗanda suka zo zama a ranar ake nufi ba. Sanatoci 109 ne, saboda haka sai 73 sun ce sun yarda. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne, sai an samu 240. Wanda ya yi tafiya, da wanda yake kwance asibiti, da wanda ya zauna ya yi gum, duk a lissafi ba su amince ba. In adadin bai cika ba, ba sai kowa ya soke komai ba, dokar mutuwa take yi da kanta. In ya cika, ta yi wata shida. Ƙarin wata shida kuma sai an sake tara wannan adadi kafin na farko ya ƙare. Sannan a kowane lokaci majalisun biyu suna iya janye ta da rinjaye mai sauƙi na dukkan 'ya'yansu, wato sanatoci 55 da wakilai 181.

Dubi hikimar da ke ciki. Ɗora dokar an tsananta shi, sauke ta an sauƙaƙa. Waɗanda suka tsara wannan sun fito ne daga shekarun da soja ke kwana ya tashi da doka a aljihu, sun san cewa mai mulki in ya ɗanɗana ikon da ba a tambayarsa, da wuya ya ajiye don kansa. Kashi biyu bisa uku kuma adadi ne da jam'iyya ɗaya ba ta cika samu ita kaɗai ba, sai ta lallashi 'yan hamayya da mutanen wasu shiyyoyi. Manufar ita ce kada a kafa dokar sai abin ya kai matsayin da ɗan Sakkwato da ɗan Bayelsa za su kalla su ce lallai babu makawa.

To a takarda ƙarfin majalisa ba kaɗan ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar amfani da shi, kuma a nan ne raina ya ɓaci a watan Maris na 2025.

Ranar 18 ga wata Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da 'yan majalisar jihar na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas kantoma. Ranar 20 ga wata majalisun biyu suka amince. Ta yaya? Da murya. Aka ce masu goyon baya su amsa, suka amsa, masu adawa su amsa, aka buga guduma. Majalisar Dattawa ma sai da ta rufe ƙofa ta yi shawararta a asirce kafin ta fito. Daga baya wasu sanatoci, ciki har da Aminu Waziri Tambuwal, suka ce 73 ɗin ba su cika ba. A Majalisar Wakilai an sanar cewa mutum 243 ne suka sa hannu a rajistar halarta. Mu ɗauka haka ne. Sa hannu a rajista shaidar zuwa ce kawai. Cikin 243, mutum huɗu in suka ƙi, an koma 239, ƙudiri ya faɗi. Wane kunne ne zai rarrabe ihun mutum 240 da na 239?

Alhaji, kai da kanka alƙali ne a wannan. Tirela ta taso daga Kadawa ko Ɗanja ta iso Mile 12 da asuba. Direba ya ce maka kwando ɗari huɗu ne. Ka taɓa biya don ka ji motar ta yi nauyi a kan titi? Tsayawa kake yi ana saukewa ana ƙirgawa, yaronka riƙe da littafi, ko da direban ɗan ƙanwarka ne. Ba zargi ba ne, ƙa'idar ciniki ce. Kundin tsarin mulki ya faɗi lamba, lamba kuwa ƙirga ta ake yi. Dokokin zaman majalisun kansu sun tanadi hanyar rarrabewa, inda kowane ɗan majalisa zai bayyana matsayinsa a rubuta. A ganina, duk inda kundi ya ce kashi biyu bisa uku, ƙuri'ar murya ba ta wadatar ba, ko da a ce a zahiri adadin ya cika. Domin ƙirgar tana da amfani biyu. Tana tabbatar da adadi, tana kuma sa kowane mutum ya ɗauki nauyin abin da ya yi da sunansa. Wanda ya san mutanen mazaɓarsa za su ga sunansa a jerin waɗanda suka yarda a sauke gwamnan da jama'a suka zaɓa, zai karanta takardar kafin ya ɗaga hannu. A cikin hayaniya kuwa kowa ɓuya yake yi, gobe in abin ya lalace kowa ya ce ba da shi aka yi ba.

Wannan ya kawo mu ga batun dakatar da gwamna, wanda shi ne ya fi raba kan lauyoyi. Karanta sashe na 305 daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda ya ambaci dakatar da gwamna ko majalisar jiha ba. Hanyoyin raba gwamna da kujerarsa suna wasu sassan: tsigewa ta sashe na 188, rashin lafiyar da ta hana aiki ta sashe na 189, murabus, mutuwa, ko cikar wa'adi. Sashe na 11 ya ba Majalisar Tarayya damar yi wa jiha doka in majalisar jihar ta kasa zama, amma a wurin ya ƙara da cewa wannan bai ba ta ikon cire gwamna ko mataimakinsa ba. Ni ra'ayina a fili yake: abin da aka hana majalisa mai mutum 469, ban ga yadda za a ce an ba mutum ɗaya shi a ɓoye ba. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa dakatarwa daban, cirewa daban, kuma "matakai na musamman" da sashen ya ambata sun haɗa da ita. A aikace an yi ta kowace fuska. Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye a Filato ranar 18 ga Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwa, ya naɗa Janar Chris Alli. A Oktoban 2006 ya naɗa Janar Tunji Olurin a Ekiti. Jonathan kuwa da ya ayyana ta a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayun 2013, a tsakiyar yaƙi na gaske, ya bar gwamnonin uku da majalisunsu a kan kujerunsu.

Za ka ce ai akwai kotu. Akwai, kuma a cikinta nake neman abincina, shi ya sa na san tafiyarta. Ƙarar Filato sai a 2006 Kotun Ƙoli ta taɓa ta, Dariye ya daɗe da komawa ofis, kuma ta kore ta ne a kan wanda ke da hurumin shigar da ita, ba ta shiga cikin zancen ba. Ƙarar da gwamnonin PDP suka shigar a kan Ribas sai a Disamban 2025 aka yanke, wata uku bayan dokar ta ƙare a Satumba, ita ma aka kore ta a kan hurumi, lauyoyi kuma suka ci gaba da jayayya a kan ma'anar ƙarin bayanin da alƙalan suka yi. Doka ce mai rayuwar wata shida, shari'a kuwa tana iya cin shekara. Hukuncin kotu a nan ihu ne bayan hari. Mai iya tare abin tun yana ɗanye majalisa ce, a cikin kwanakin nan biyu.

Akwai tarihin da ya kamata mu 'yan Arewa mazauna Legas mu riƙa tunawa, don a garin nan aka yi shi. A watan Mayun 1962 rikicin jam'iyyar Action Group (AG) tsakanin jagoranta Awolowo da firimiyan Yamma Akintola ya kai ga dambe a zauren majalisar Jihar Yamma a Ibadan. Ranar 29 ga wata majalisar tarayya, wadda a lokacin take zama a nan Legas kusa da filin sukuwa da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, ta amince da dokar ta-ɓaci a Yamma. Aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi ya riƙe yankin. Aka taƙaita zirga-zirgar manyan 'yan siyasa, shi Awolowo har Lekki aka kai shi, lokacin tana ƙauyen masunta mai wuyar zuwa. Lauya Rotimi Williams da aka killace a Abeokuta ya kai ƙara, kotu ta ce killacewar ba ta da hujjar da hankali zai ɗauka. Da wa'adi ya cika a ƙarshen shekara, Akintola aka mayar kan mulki. A wancan karon majalisa ce da kanta ta kafa dokar, an yi muhawara, an bi tsari. Amma masu rinjaye a cikinta abokan hamayyar AG ne, kuma mutanen Yamma da yawa sun ɗauki abin a matsayin an yi amfani da doka an karya jam'iyyarsu. Ƙullin da ya biyo baya ya bi ta zaɓen 1965 da ƙone-ƙonensa, ya kai mu Janairun 1966, inda muka rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansu. Ba na cewa dokar ta-ɓacin ce kaɗai sanadi. Ina cewa amincewar majalisa ba ta da albarka in 'yan majalisar jam'iyyarsu suke wakilta a ranar, ba ƙasa ba.

Sau ɗaya a wannan jamhuriya majalisa ta ce a'a. Dokar Arewa maso Gabas an sabunta ta a Nuwamban 2013, aka sake a Mayun 2014. A cikin waɗannan watanni 18 aka katse layukan waya a Borno na tsawon lokaci, aka sace 'yan matan Chibok, Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram. Da Jonathan ya nemi ƙari na uku, ranar 20 ga Nuwamban 2014 'yan sanda suka tare ƙofar majalisa, suka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisa suka riƙa haura ƙofa don su shiga. Majalisar Wakilai ta ƙi amincewa, dokar ta mutu. Gaskiya akwai siyasa a ciki, don kakakin majalisar, Tambuwal, bai daɗe da komawa APC ba. Amma tambayar da suka yi daidai ce: shekara ɗaya da rabi an ba ku abin da kuka nema, me aka samu? Kuma ga abin da ya kamata ka lura da shi. Garuruwan da aka ƙwato a Fabrairu da Maris na 2015, an ƙwato su ne babu wata dokar ta-ɓaci a ƙasa.

Wannan ita ce amsar maganarka ta kawo soja. Ba a bukatar sashe na 305 kafin a tura 'yan sanda ko soja su kare rayuka a Ketu ko Agege. Sashe na 217 ya riga ya ba shugaban ƙasa damar kiran soja su taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da oda, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya ta gindaya a doka. In an bar mutane ana kashe su awa goma ba a kawo ɗauki ba, ba rashin dokar ta-ɓaci ba ne, sakaci ne, kuma majalisa tana da ikon kiran shugabannin tsaro ta tambaye su dalili. Abin da dokar ta-ɓaci take ƙarawa shi ne damar taɓa 'yancin mutane fiye da yadda aka saba, musamman tsarewa. Shi ma sashe na 45 ya ce sai ta hanyar dokar Majalisar Tarayya, kuma gwargwadon abin da halin ya wajabta. Haramcin azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam na sashe na 34 ba ya cikin abin da aka yarda a taɓa ko ana ta-ɓaci. Haka ba za a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata shi.

Aikin majalisa kuma ba ya ƙarewa da buga guduma. Kantoma ba zaɓaɓɓe ba ne, ba shi da majalisar jiha a kansa, ga asusun jiha a gabansa. A Ribas Majalisar Tarayya ce ta zartar da kasafin jihar na 2025, na kusan naira tiriliyan ɗaya da rabi, Majalisar Wakilai kuma ta kafa kwamitin sa ido. A ƙarƙashin kantoman aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarshen Agusta. Sassa na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike, da kiran kowa, da neman takardu, da sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira. Abin da ya dace shi ne duk wata kantoma ya zo a bainar jama'a ya faɗi nawa ya shigo, nawa ya fita, mutum nawa ke tsare, a ina, bisa wane dalili, kuma me ya rage kafin a ɗage dokar. Babban giɓin da muke da shi shi ne dokar da ake jingina da ita wajen tsara matakan ta-ɓaci ta 1961 ce, ta zamanin firaminista, har lauyoyi suna gardamar ko tana raye. Wannan giɓi majalisa ce ta bar shi, ita ce kuma za ta iya cike shi da doka ɗaya da za ta fayyace abin da shugaban ƙasa zai iya da wanda ba zai iya ba. Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. A Kenya kwana 14 ne, ƙari ba ya wuce wata biyu, na farko da kashi biyu bisa uku, na bayansa da kashi uku bisa huɗu. A Afirka ta Kudu kwana 21 ne, ƙari wata uku-uku, daga na biyu sai da kashi 60 cikin 100, kuma sai an yi muhawara a fili. Wato kullum dokar ta ƙara daɗewa, riƙe ta yana ƙara wuya. Wata shida namu ya yi yawa a ba mutum a dunƙule.

Na san akwai masu cewa ɗan majalisa ba ya iya ja da mai soja. A daren 3 ga Disamban 2024 shugaban Koriya ta Kudu ya ayyana dokar soja. 'Yan majalisa suka fito cikin dare, wasu ta kan katanga, mutum 190 suka shiga zaure, aka ƙirga, dukkansu suka ce a janye. Kafin gari ya waye an janye.

Saura wadda ta fi shafar ka, Alhaji, wadda ba a kiranta da sunanta. Ranar 29 ga Maris na 2020 Shugaba Buhari ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja saboda korona, daga daren washegari. Ba a bi ta sashe na 305 ba. An jingina da dokar killace masu cuta ta 1926, ta zamanin Turawa, saboda haka babu kwana biyu, babu 73, babu 240. Mako biyar mutane suna gida. Ban ce kullen ba shi da dalili ba, cuta ce da ta kashe mutane, kuma annoba tana cikin bala'in da kundi ya yi tanadi dominsa. Amma da an kai shi majalisa, da an samu wanda zai tashi ya tambaya: mai ruwa da ɗan acaba da ɗan dako da mai yankan farce, waɗanda in ba su fita yau ba ba za su ci yau ba, me aka tanadar musu? A waɗannan makonni wayata ba ta huta ba. An ce kayan abinci an yafe musu, amma na yi ta bin maganar motocin gwari da aka tsare a hanya har kayan suka ruɓe. Na je belin samari da aka kama sun fito neman abin buɗa baki, ba su jin Turanci ba su jin Yarbanci, ba su san ma laifin da aka rubuta musu ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasa wajen tilasta bin dokar, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Da majalisa ta motsa kuma, sai ga ƙudirin dokar cututtuka masu yaɗuwa a Majalisar Wakilai, wanda zai ƙara wa jami'an gwamnati ikon kamawa da killacewa da ƙwace gini. Sai da jama'a suka yi ca aka ja birki. A Oktoban 2020 kuma, lokacin zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda, dokar hana fita ta awa 24 da aka sanar a Legas da rana tsaka ta ƙare da harbin da aka yi a Lekki.

Shi ya sa nake roƙonka ka sake duba maganar sakar wa mutum ɗaya mara. Ikon da babu mai tambayarsa ba a kan mai gida a Ikoyi yake sauka ba, shi yana da lambar kwamishina a wayarsa. A kan wanda ba shi da kowa yake sauka, wanda za a kwasa a mota a ce ba a san daga inda ya fito ba. A Legas mu ne wannan mutumin, kamar yadda Bayerabe ko Ibo yake a Sabon Garin Kano. Yau mai riƙe da wuƙar yana iya zama wanda ka yarda da shi. Wuƙar ba ta barin ofis in ya tafi, wanda ya gaje shi zai tarar da ita a wase, da hujjar cewa ai an taɓa yi.

Kuna da hannu a cikin wannan fiye da yadda kuke zato. Mile 12 tana mazaɓar Kosofe a Majalisar Wakilai, tana Legas ta Gabas a Majalisar Dattawa. Jihar tana da wakilai 24 da sanatoci uku, kuma babu ɗan takarar da ke raina ƙuri'un Mile 12 da Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Yawancinku kuma kuna da wani ɗan majalisar a gida, a Kano ko Katsina ko Jigawa, wanda yake zuwa gaishe ku in zaɓe ya matso. In sun zo, bayan maganar rumfuna da hanya, ku sa sakataren ƙungiya ya miƙa musu tambaya a rubuce: ranar 20 ga Maris na 2025 kana zauren? Me ka zaɓa? Za ka goyi bayan a wajabta ƙirga ƙuri'a da suna a duk inda kundi ya ce kashi biyu bisa uku? Za ka goyi bayan sabuwar dokar da za ta maye gurbin ta 1961 da ta 1926, ta sa duk wani kulle da ya wuce 'yan kwanaki sai ya zo gabanku? Ku nemi amsar ita ma a rubuce, sakatare ya ajiye ta a fayil ɗin ƙungiya. Ƙungiyar kasuwa kuma tana da damar kai koke kai tsaye ga kwamitin ƙorafin jama'a na kowace majalisa ta hannun wakilinta, ba a biyan ko kwabo. In kun shirya rubutawa, a turo mini sakataren da takardun motocin da aka tsare a 2020, mu fara da su.